Baba Zuze Zai Ɗan Mutu Gobe

LIMBANI: Alo? Alo, Inna?

NAMBEWE: Alo! Wa ke magana?

LIMBANI: Ni ne, Inna. Limbani.

NAMBEWE: Wane Limbanin? Mai injin niƙa ko mai gyaran keke?

LIMBANI: Haba, Inna. Limbaninki, ɗan yayarki, na Lilongwe.

NAMBEWE: Au, Darakta! Ashe ba a sace maka waya ba. Da na ji shiru tun kafin girbi, na ce ko ɓarayin birni sun yi gaba da ita da lambata a ciki.

LIMBANI: Aiki ne ya yi yawa, Inna. Ina wuni?

NAMBEWE: Me ka ce? Tsaya in hau suri, daga ƙasa muryarka kamar ta sauro. Wash, gwiwata! To, na hau. Ka san abin da za ka faɗa fa, wayar nan tun da ta faɗa tukunyar kunun thobwa ba ta yarda ta yi magana sai a...

LIMBANI: Alo? Inna, kin ɗauke. Sai a me?

NAMBEWE: ...to ka dai ji. Ina wuni?

LIMBANI: Lafiya lau. Ina gajiya?

NAMBEWE: Ba gajiya. Ya matarka Tadala? Ta haihu ne ko har yanzu tana jan cikin?

LIMBANI: Da saura, Inna. Tana gaishe ki.

NAMBEWE: Ina amsawa. Ya yaran? Ƙaramin ya daina cin ƙasa?

LIMBANI: Ya daina. Ya mutanen Kamtedza? Ya sanyi?

NAMBEWE: Sanyi sai godiya, ka san yankinmu na Dedza. Ya ofis? Har yanzu kuna zama a otal kuna koya wa juna yadda ake taimakon talaka?

LIMBANI: Inna ke nan. Taron bita ake ce masa.

NAMBEWE: Ko ma mene ne, yana karɓarka. An ce ka yi tumbi.

LIMBANI: Wace waƙa nake ji a bayanki?

NAMBEWE: Matan lambu ne a gindin mangwaro, suna gwajin waƙar tarbar baƙinka na gobe. Har sunan Baturiyar muka sa a ciki, Madam Alisi.

LIMBANI: Annelis, Inna.

NAMBEWE: Abin da na ce ke nan.

LIMBANI: To. Am... ya Baba Zuze?

NAMBEWE: Lafiyarsa ƙalau.

LIMBANI: Ƙalau ƙalau?

NAMBEWE: Garau. Jiya shi kaɗai ya tashi da kwanon tuwo.

LIMBANI: Madalla. Ba ya ɗan jin zazzaɓi? Ko ciwon bayan nan nasa?

NAMBEWE: Bayan ya warke tun da ya daina ɗauko ruwa daga rafi. Ai famfon solar nan da ƙungiyarku ta kafa mana, shi ya fi kowa morar sa.

LIMBANI: Ba shi da wata tafiya gobe? Kasuwa, ko garinsu? Na ji an ce yayarsa ba ta da lafiya.

NAMBEWE: Yayar tasa da aka binne bara? Limbani, ruwa ba ya tsami banza. Tun da kake ba ka taɓa tambayar lafiyar mijin nan nawa sau biyu a jere ba.

LIMBANI: A'a, zumunci ne kawai. Ya shirye-shirye?

NAMBEWE: Shiri kam, ba za ka ji kunya ba. Mun yaɓe ɗakuna kaf, mun share hanya tun daga gada. Mun aro kujerun coci. Kaji shida na ɗaure, thobwa na kwance a tulu. Yara kuwa an yi musu aski, gobe da sassafe za a dirje su a shafe su da mai har su yi ƙyalli. Mu kuma mun yi anko.

LIMBANI: Anko?

NAMBEWE: Shuɗi mai zanen zakara. Da kuɗin tumatirinmu muka saya, ba wanda ya ba mu ko kwacha ɗaya.

LIMBANI: Wayyo. Ɗakin nan mai ruɓaɓɓen jinka na bakin hanya fa?

NAMBEWE: Mun rushe shi. Baƙo zai zo ya fara cin karo da wannan abin kunya?

LIMBANI: Kun rushe! Inna, a gabansa aka shirya za a kafa kyamara!

NAMBEWE: To a kafa a gaban na maƙwabciyata Nachisale mana, ta yi sabon rufin kwano, har ido yake kashewa.

LIMBANI: Inna, ki saurare ni da kyau. Mutanen nan masu ba da tallafi ne. In suka zo suka ga kwano na walƙiya, mata cikin anko, yara sun sha mai, za su ce Kamtedza ta warke, su tattara su tafi wata ƙasa.

NAMBEWE: Ba don mu warke suka ba da kuɗin ba?

LIMBANI: Don ku warke ne, amma ba gaba ɗaya ba. Wato, so ake a ga an samu ci gaba, a kuma ga da sauran buƙata.

NAMBEWE: Wato mu yi wanka rabin jiki.

LIMBANI: Ba haka nake nufi ba. Ku dai fito yadda kuke kullum.

NAMBEWE: Kullum baƙo yake zuwa? Baƙo raɓa ne, ɗan nan, kafin hantsi ya wuce, amma abin da ya gani da shi zai tafi. Kai da na goya, ka taɓa ganin an tarbi baƙo a garin nan da kayan gona?

LIMBANI: To sauran su sa ankonsu. Ke kaɗai nake roƙo. Kin tuna tsohon zaninki mai ruwan ƙasa, wanda ya yage a gefe?

NAMBEWE: Wanda kaza ke kwanci a kai?

LIMBANI: Kaza?

NAMBEWE: Ƙwai tara ne a ƙarƙashinta. In kana da ƙarfin hali ka zo ka ɗaga ta. Me za ka yi da shi?

LIMBANI: Madam ce take son ta gan ki a cikinsa. Saboda hoton.

NAMBEWE: Wane hoto?

LIMBANI: Wanda na ɗauke ki shekarun baya, kafin a kafa famfo. Kina dawowa daga lambu da fasasshen bokiti, duk taɓo a jikinki.

NAMBEWE: Ranar da akuyar Nachisale ta cinye min kabeji na bi ta har cikin kwari? Ba cewa ka yi na gwaji ne ba, za ka goge?

LIMBANI: Na so in goge, Inna. Sai dai ya yi kyau.

NAMBEWE: Ya yi kyau? Ko ɗankwali babu a kaina!

LIMBANI: Su can ya taɓa musu zuciya ƙwarai. Sun ce idanunki na ɗauke da baƙin cikin nahiya guda.

NAMBEWE: Baƙin cikin kabejina ne! Su wa suka gani?

LIMBANI: Mutane kaɗan.

NAMBEWE: Kaɗan nawa?

LIMBANI: Yana bangon ofishinsu. Da kalandarsu. Da allon liyafar da suke tara kuɗi duk shekara. Da kuma... jikin kofin shayi.

NAMBEWE: Jikin me? Layin ya yi ƙara.

LIMBANI: Kofin shayi!

NAMBEWE: Kai jama'a! Ni Nambewe, shugabar matan lambu, mai jan waƙa a coci, Turawa na kurɓar shayi daga kaina ba ɗankwali!

LIMBANI: Inna, hoton nan shi ya kawo famfo. Shi ya kawo bututu da tanki. Tumatirin da kuka yi anko da shi, hoton ne.

NAMBEWE: Hoton ne ya yi noman? To na ji. Zan sa ankona, in ta zo in nuna mata kazar, ta gaisa da zanin. Ka ga ma, Babanka zai bayyana mata a cikin jawabinsa.

LIMBANI: Wane jawabi?

NAMBEWE: Au, ban gaya maka ba? Muryar mai gari ta dishe, sai dattawa suka ce Zuze ya yi jawabin maraba, tunda ya yi aiki a Joni, babban birnin nan na ƙasar kudu, yana da guntun Turanci. Ka ga mutumin nan kuwa! An wanke kwat, an goge ta da dutsen guga, tana rataye a ƙofa ba mai taɓawa. Kullum da yamma yana bayan rumbu yana karanta wa awaki jawabin. Tun da ya zo garin nan aure, ba a taɓa ce masa ya tashi ya yi magana a gaban baƙi ba sai wannan karon.

LIMBANI: Na shiga uku.

NAMBEWE: Me ka ce?

LIMBANI: Inna, Baba ba zai yi jawabin nan ba. Bai ma kamata a gan shi ba gobe.

NAMBEWE: Saboda me? Kwat ɗin ta tsufa?

LIMBANI: Saboda... a ƙarƙashin hoton akwai ɗan rubutu.

NAMBEWE: Ina jin ka.

LIMBANI: An rubuta, Nambewe, gwauruwa mai 'ya'ya biyar.

NAMBEWE: Gwau me?

LIMBANI: Gwauruwa, Inna. Matar mamaci.

NAMBEWE: Wa ya mutu?

LIMBANI: Baba.

NAMBEWE: Wane Baban?

LIMBANI: Baba Zuze.

NAMBEWE: Zuzen da nake hange yanzu yana sosa ƙeya? Yaushe ya mutu ban sani ba?

LIMBANI: A wajensu, ya kai shekara uku.

NAMBEWE: Shekara uku! To wa nake dafa wa tuwo? Wa ke min minshari a kunne? Limbani, ka kashe mijina da biro?

LIMBANI: Ba ni na rubuta ba, Inna, na rantse! Su suka rubuta. Ki bari in yi bayani. Da farko sun tambaye ni, gida na wa, gona ta wa. Na gaya musu gaskiya. Gida na Nambewe, gona ta Nambewe, rumbu na Nambewe.

NAMBEWE: To da na wa za su zama? Gonar kakata ce, ta bar wa uwata, uwata ta bar mana ni da uwarka. Zuze daga bayan dutse ya zo da bargo da fartanya, kamar yadda kowane namiji ke zuwa garin matarsa.

LIMBANI: Su ba su san haka ba. Da suka ga mace da gida da gona, ba sunan namiji ko'ina, sai suka ce ai lallai mijin ya rasu. Suka buga.

NAMBEWE: Wato a ƙasarsu sai mace ta binne miji kafin ta mallaki gona? Allah sarki. Ashe su ya kamata mu tara wa kuɗi.

LIMBANI: Ba haka ba ne, tunaninsu ne game da mu.

NAMBEWE: Kai kuma da ka ga an buga, bakinka ciwo yake?

LIMBANI: Na ce zan gyara a rahoto na gaba. Kafin nan kuɗin famfo ya shigo. Sai na ce bari a gama kafawa. Da aka gama, sai Madam ta tsaya a gaban taro ta yi kuka da sunanki. Ya zan ce wa matar da ta yi kuka a gaban jama'a, yi haƙuri, mutumin yana nan yana cin tuwo?

NAMBEWE: Yanzu me kake so?

LIMBANI: Ba wani abu mai wuya ba ne. Baba ya ɗan... kauce. Daga hantsi zuwa azahar kawai. Suna shiga mota ya fito.

NAMBEWE: Ya ɗan mutu dai.

LIMBANI: Na ɗan lokaci, Inna.

NAMBEWE: In Madam ta ce a nuna mata kabari fa? Mu ara mata na maƙwabta?

LIMBANI: Ba za ta tambaya ba. Ta dai ce za ta zo miki da furanni.

NAMBEWE: Furanni! In yi miya da su? Kai, Limbani, boko ya cuce ka. Kun koya mana wanke hannu har sau huɗu, kowane zuwa da sabon allo da sunanku ɓaro-ɓaro, allon ya fi ɗakin famfon girma. Ba mu ce komai ba. Kun ce mu kafa kwamiti, mun kafa. Kun ce kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, ya kafa. Yanzu kuma mu kawo gawa?

LIMBANI: Ki yi min duk faɗan da za ki yi, na cancanta. Amma ki ji wannan. A benen da ofishinmu yake, ƙungiyoyi uku sun rufe bana. Masu ba da tallafi duk sun ja baya, Madam kaɗai ta rage mana. Gobe za ta yanke ko za a ja bututu ya ƙetare rafi zuwa wancan ɓangaren. In ta gano labarin da ta yi shekara uku tana ba mutane ba haka yake ba, ba faɗa za ta yi ba. Murmushi za ta yi, ta shiga mota, shi ke nan. Ni zan nemi wani aikin. Matan ƙetare fa? Kin san yadda suke hawo da ruwa a ka daga kwarin nan.

NAMBEWE: Na sani. Kada ka gaya min abin da na sani.

LIMBANI: Kin san Nankhoma.

NAMBEWE: Na san ta mana. Ga gwauruwa ta gaskiya can, mijinta ya rasu ya bar ta da yara da tsohuwa makauniya, wuyanta har ya kumbura da ɗaukar ruwa. Me ya hana ka kai Madam wajenta?

LIMBANI: Mota ba ta ƙetare rafin. Kuma lokacinta kaɗan ne, daga nan bakin tafki za ta wuce, akwai taro.

NAMBEWE: Taron me?

LIMBANI: Taro a kan yadda za a riƙa sauraron mutanen karkara.

NAMBEWE: Hm.

LIMBANI: Inna?

NAMBEWE: Ina nan. Ka ɗaure ni da jijiyata, ɗan nan. In na ƙi, na hana Nankhoma ruwa. In na yarda, in shiga tsumma in tsaya a gaban jikokina ana ba ni furannin mutuwar mutumin da ke ɓoye a rumbu. Raina ya ɓaci, Limbani. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

LIMBANI: Ki yafe min. Ba wanda zai sani. Ni da ke ne kawai, sai Baba in kin lallashe shi. Ki ce masa an soke jawabi, ki aike shi wani wuri... Inna, me ya sa waƙar ta tsaya?

NAMBEWE: Ta daɗe da tsayawa. Tun wajen kofin shayi.

LIMBANI: Me ya tsayar da su?

NAMBEWE: Suna saurare ne mana.

LIMBANI: Suna sauraren me?

NAMBEWE: Kai. Ba na gaya maka tun farko ba? Wayar nan tun da ta faɗa thobwa ba ta magana sai a lasifika.

LIMBANI: Lasifika! Inna! Layi ya ɗauke a lokacin, ban ji ba!

NAMBEWE: To su sun ji. Duk ga su nan sun kewaye surin. Nachisale na gaishe ka, ta ce tunda akuyarta ce ta jawo famfo, a sa sunan akuyar a allo. Matar mai gari ma tana gaishe ka.

LIMBANI: Matar mai gari! Ki kashe, Inna, ki kashe in sake kira!

NAMBEWE: Ko ka sake kira haka za ta yi. Tsaya, ga mamacin nan ya iso, ya ce a ba shi. Hawo a hankali, Zuze, kada ka faɗi ka gaskata yaron.

ZUZE: Alo. Limbani?

LIMBANI: Baba... ina wuni, Baba.

ZUZE: Lafiya lau. Ya hanya, ya iyali? Ka ce da Tadala ina gaishe ta daga inda nake.

LIMBANI: Baba, don Allah...

ZUZE: A'a, ba faɗa zan yi ba. Tambaya ce. Me suka ce ya kashe ni?

LIMBANI: Ba su... sun ce doguwar jinya.

ZUZE: To, da sauƙi. Na ji tsoron ko giya suka ce. An yi taro sosai wajen binne ni?

LIMBANI: Baba, ka yafe min.

ZUZE: Ka saurara. Na ji zancen bututu. Ni na san kwarin nan, da bayana na san shi. In mutuwata ce za ta kai wa Nankhoma ruwa, zan shiga rumbu. A sa min tabarma da ɗan tuwo, a rufe. Ba zai yi min wuya ba. Shekarun da na yi a garin nan, in ana shawara a gindin bishiya ba a cika ganina ba. Na hantsi zuwa azahar ai wasa ne.

LIMBANI: Baba...

ZUZE: Jawabin kuma awaki sun riga sun ji, ba a yi asara ba. Kwat ɗin a ajiye, za a buƙace ta ranar ta gaskiya. Abu ɗaya kawai nake roƙo. In Madam ta tambaye ka, da uwarka ta rasu aka kawo ka gidan nan, wa ya sayar da kekensa ya kai ka sakandare, ka ce marigayi ne. Kada ka ba wani. Shi kaɗai ne abin da aka taɓa sa sunana a kai.

LIMBANI: ...

ZUZE: Alo? Nambewe, layin ya mutu shi ma.

LIMBANI: Ina nan, Baba. Ina nan.

NAMBEWE: Ba ni wayar. Ba ni, na ce! Limbani, kana ji na?

LIMBANI: Ina ji, Inna.

NAMBEWE: Kuka kake?

LIMBANI: Mura ce.

NAMBEWE: To share murar ka buɗe kunne. Ba mai shiga rumbu. Rumbuna na masara ne. Gobe mutumin nan zai sa kwat ɗinsa ya tsaya ya yi jawabinsa tun daga farko har ƙarshe, har da wajen da awaki ke tashi su tafi. Ni kuma zan zauna kusa da shi cikin ankona, da ɗankwali.

LIMBANI: Bututun fa, Inna?

NAMBEWE: Ina zuwa. Yana gama jawabi, za mu kama hannun Madam mu gangara rafi. Tana da ƙafa ko?

LIMBANI: Tana da, amma takalmanta...

NAMBEWE: Za ta cire. In ruwan ya yi mata yawa, ga mata nan sun ce za su goya ta, ba ta fi buhun dankali ba. Za mu ɗora mata bokiti ɗaya a ka ta hawo da shi daga kwari zuwa ƙofar Nankhoma. Rabin bokiti ma, kada a ce mun kashe baƙuwa. In ta iso tana da sauran numfashi, sai ta tambayi Nankhoma da bakinta ko tana son a ɗauke ta hoto. In ta ce e, a jira ta yi wanka tukun.

LIMBANI: Taron bakin tafki fa?

NAMBEWE: Na sauraron mutanen karkara? Ka ce mata an dawo da shi nan.

LIMBANI: Inna, in ta yi fushi fa? In ta ce mun yaudare ta ta janye gaba ɗaya?

NAMBEWE: Za ta iya. Ban ce ba za ta iya ba. In ta janye, mu matan nan mun yi magana da ido tun ɗazu, kuɗin tumatirin baɗi ba anko za mu yi da shi ba, bututu za mu fara saya, ko gaɓa biyu-biyu ne har ya ƙetare. Zai daɗe, wuyan Nankhoma zai sha wuya kafin nan, kuma alhakin a kanka yake. Amma ba zan sayi ruwa da ran mijina ba.

LIMBANI: Wa zai yi fassara?

NAMBEWE: Kai mana. Amma malamar firamare za ta tsaya a bayanka tana ji, kada ka sake kashe wani a tsakanin harshe biyu.

LIMBANI: Ai ni ban san ta inda zan fara gaya mata ba. Da furanninta fa za ta zo.

NAMBEWE: Ta kawo, a ba Zuze ya maƙala a aljihun kwat.

LIMBANI: Inna, tsaya. Wani kiran na shigowa. Wayyo Allah, ita ce. Madam ce. Ta sauka a filin jirgi ke nan.

NAMBEWE: To ɗauka mana.

LIMBANI: In ce mata me?

NAMBEWE: Ka yi mata albishir. Ba sakamako suke so su gani ba? Ka ce famfonsu ya yi aikin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan, mamaci ya tashi, kuma yana da jawabi.

LIMBANI: Inna, don Allah, ki tsaya mu...

NAMBEWE: Ɗauka, ɗan nan, kada ka bar baƙuwa tana jira. Ku kuma me kuke kallo? A ɗauko waƙa daga farko! Zuze, riƙe ni in sauka.

LIMBANI: Inna? Alo? Inna!